Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ɗige-ɗigen Jikin Auta

Makon jiya na tsaya ne inda muka tare a Birni, can bayan fadar Sarkin Damagaram. Ba mu cika wata biyu a gidan ba Auta ta yi mura da zazzaɓi, ta warke, har ta koma lakwal.

Wata safiya ina yi mata wanka na ga ƙananan ɗige-ɗige ja a ƙwaurinta, kamar an barbaɗa garin barkono. Ba ƙaiƙayi, ba tudu, sumul suke da fata. Na ce kuɗin cizo ne, na fitar da katifa rana. Washegari sai ga shaci-shaci masu duhu a cinya da hannu, alhali yarinya ba ta faɗi ba, ba wanda ya taɓa ta. Surukata ta duba ta ce, "Wannan ba na asibiti ba ne, baki ne." Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Ni kuma da hannuna na ba ta asfirin da na saya wurin mai tebur. Har gobe in na tuna sai gabana ya faɗi.

Rana ta uku haɓo ya ɓalle, dasashinta ma na tsattsafar jini. Na goye ta, 'yar shekara 6, muka hau kabu-kabu zuwa asibiti.

Likitan ya ɗauki kofin gilas, irin na shayi, ya danna kan ɗigon. Ina kallo ta cikin gilas ɗin, jan bai dushe ba. Ya ce, "Hajiya, ƙurji in an danna yakan yi fari. Wannan jini ne ya fita daga ƙananan jijiyoyi ya kwanta ƙarƙashin fata." Sannan ya lanƙwasa wuyanta ya auna zafin jiki, don bazara ce, lokacin sanƙarau, shi ma yana zuwa da irin wannan tabo kuma ba ya jira.

Wuya lafiya lau. Gwajin jini ne ya nuna ƙwayoyin da ke tsayar da jini, plaket, sun yi ƙasa ƙwarai. Mai lafiya ba ya kasa 150,000, nata bai kai 20,000 ba. Da na ambaci asfirin sai ya ajiye biro ya dube ni, ya ce shi ma yana hana jini tsayawa, kada in ƙara.

Daren nan a bakin gadonta na kwana, ina goge mata hanci, ina jiran asuba in kira babanta da ke hanyar Agadas.