Matakala shida

Jiya na kai Kawu asibiti a nan Sakkwato, ciwon suga ya sake taso mishi. Matakala shida ce a ƙofar shiga, babu gangaren da keken guragu zai bi. Ni da wani mai Keke Napep muka ɗauke shi cak, shi da kekensa, yana ta cewa, "Ku yi haƙuri, ɗiyana." Wallahi wannan ban haƙurin ya fi keken nauyi.

Muna zaune bisa benci wani ya kunna rediyo, 'yan majalisa na muhawara kan kasafin kuɗi. Kowa ya tashi, talaka, talaka. Kawu murmushi kawai ya yi.

Tun Janairun 2019 Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, aka ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara. Wa'adin ya wuce tun 2024.

Mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000. Kusan rabin haka na bari a kantin magani kafin azahar. Da za mu fito, mai Napep ɗin ya tafi, sai da na nemo wani.