Kafin ka sayi wayar jita, ka san me za ka kaɗa da ita

Ƙannena masu koyon jita a Jos, yawancinku in kun shiga shago a Terminus ko wajen Ahmadu Bello Way abin da kuke cewa shi ne "a ba ni wayar jita", mai shago ya miƙo hannu ya ɗauko duk fakitin da ya fi kusa, ku biya ku tafi. Nima haka nake yi da, kuma asarar da na tafka ta haka ba kaɗan ba ce, shi ya sa nake so in ɗan yi muku bayani ko kwa tsira da kuɗinku da yatsunku.

Farko dai ku san jitar da ke hannunku, domin a nan na fara yin ɓarna. Jitata ta farko irin ta kilasikal ce, mai faɗin wuya wadda ake sa wa tsirkiyar roba wato nailan, ni kuma ina ganin sautinta bai da ƙarfi in ana waƙa da mutane da yawa, sai na sayo wayar ƙarfe na ɗaura mata, sautin ya fito tas har ina jin daɗi ina yi wa abokai burga. Ba a daɗe ba katakon da ke riƙe wayoyin a jikin jitar ya fara ɗagowa daga baya, har kana iya zura kati a ƙarƙashinsa, wuyan kuma ya lanƙwaso gaba. Da na kai wa wani dattijo mai gyara a Bukuru, ya juya ta ya kalle ni ya ce "ɗana, wa ya ce ka sa mata ƙarfe?" na ce Baba ba kowa, ya ce to ka ɗora wa jaki kayan raƙumi. Lissafin a fili yake, saitin nailan yana jan jita da nauyin wajen kilo 40, saitin ƙarfe mai kauri lamba 12 kuwa ya kai kilo 70 har ya ɗan wuce, kuma yawancin jitar kilasikal ba ta da sandar ƙarfen nan da ke cikin wuya wadda ake juyawa a miƙar da shi. In jitarku ta nailan ce ku bar ta a nailan, in ƙara kuke so ku nemi nailan mai tauri, suna rubutawa a jikin fakitin.

Sai lambobin nan da kuke gani, 9-42, 10-46, 12-53. Ta farko kaurin siririyar waya ce, ta biyu kuma ta mai kaurin can sama, ana auna su da inci, 10 na nufin 0.010 na inci wato kamar rubu'in milimita. Ƙanƙanin bambanci ne a ido amma a yatsa wallahi ba ƙanƙani ba ne.

To ga inda girman kai ya kai ni. Na ji labarin Stevie Ray Vaughan, Ba'amurken nan na Texas, cewa da waya mai lamba 13 yake kaɗa jitar lantarki, sai na sa wa raina ai sirrin sauti mai kauri ke nan kuma duk mai amfani da 9 rago ne. Na cire 9 na ɗaura 13 kai tsaye ban gyara komai ba. Abin da ban lura da shi ba, shi mutumin yana sassauta dukan wayoyinsa da rabin mataki, ga hannu mai ƙarfi, ga mai kula masa da jitocinsa, ni kuwa daga ni sai sukundireba ɗaya. Wayoyin suka ƙi zama cikin tsagin da ke kan wuyan saboda sun fi shi kauri, in na juya kunnen da ake ɗaure waya da shi sai in ji ƙas sannan sautin ya yi tsalle ya wuce inda nake so, gadar, wato ƙarfen da ke riƙe ƙarshen wayoyin bisa sifirin, ta ɗaga gindi sama, wayoyin suka yi nisa da wuya har danna F ya zama aikin ƙarfi. Ranar wani biki a Rayfield, cikin sanyin Disamba, ana tsakiyar hailaif ina son in ja waya ta uku sama ta ƙi tafiya, kan yatsana na tsakiya ya tsage, na ƙarasa wasan ina ɓoye hannu ina goge jini a wando. Daga baya ne na san Billy Gibbons na ƙungiyar mawaƙan ZZ Top da lamba 7 yake amfani, siririya ƙwarai, kuma ba wanda ya taɓa cewa sautinsa ba shi da nauyi. Tony Iommi na ƙungiyar Black Sabbath ma da inji ya yanke masa kan yatsu biyu a masana'anta, sirara ya koma, kuma da su ya yi kiɗan da ake kira mai nauyi har yau. Yawancin kaurin sauti a jitar lantarki daga hannu yake fitowa da amfilifaya da yadda ka saita ta.

Saboda haka in kai mai lid ne, wato mai fitar da karin waƙa sauti ɗaya-ɗaya, hailaif ko makosa ko sukus irin na Kwango inda yatsu ke gudu can ƙasan wuya, ko kana bin salon 'yan Agadez su Bombino da Mdou Moctar da ke yawan buga waya da yatsa su fizge, 9-42 ta ishe ka, in ka ji ta yi maka laushi da yawa ka hau 10-46. Mai rege ko mai raka waƙa da kod, wato kaɗa wayoyi da yawa tare, 10-46 ta fi zama daram ba ta saurin kaucewa in ka doke ta da ƙarfi. Masu sauke waya ta shida, wato mafi kaurin, zuwa sautin D akwai 10-52, sirara a ƙasa masu kauri a sama, don kar ta shidan ta riƙa lilo. Masu jaz kuma su nemi wadda aka naɗe da lafiyayyen ƙarfe mai santsi, 11 ko 12, ba ta ƙugi in yatsa ya zame kuma sautinta a lulluɓe yake, amma fa kar ka saye ta don hailaif, za ka ji kamar an toshe wa jitar baki. Ku kuma lura da tsawon waya daga kan wuya zuwa gada, irin na jitar Fender inci 25.5 ne, irin na Gibson 24.75, don haka lamba 10 ɗin nan ɗaya ta fi tauri a kan na farkon.

Jitar katako mai wayar ƙarfe, wadda aka fi gani a coci da wajen zaman samari, ita 12-53 ce aka saba, kuma in kana doka ta da fik, ɗan abin nan da ake riƙewa a kaɗa waya, a gaban jama'a ba makirfo ita ce daidai. Amma sabon ɗan koyo ban ga dalilin da zai azabtar da kansa ba, ya sa 11-52 ko ma 10-47 har kan yatsunsa su yi kanta, yara da yawa sun ajiye jita ne don zafi kawai alhali suna da kunne. 'Yan mata masu koyo ma kar wani ya ce muku hannunku ne bai da ƙarfi, sau da yawa wayar ce ta yi kauri ko ta yi nisa da wuya. Wajen ƙarfen kuma iri biyu za ku fi gani, 80/20 wadda take kashi 80 jan ƙarfe 20 zinki, tana da ƙara mai haske amma tana saurin dusashewa, sai fosfo buronz da kamfanin waya na D'Addario suka fito da ita a 1974, ta fi ɗumi kuma ta fi jurewa. Ni ta biyun nake so, musamman in da yatsu zan kaɗa ba fik.

Wata wautar da na yi, wayar lantarki ta ƙare mini ana gobe wasa sai na ɗaura wa jitar lantarkin wayar jitar katako na ce ai waya waya ce. Manyan wayoyin suka yi shiru ƙananan suna ihu, na yi ta zargin kebul da amfilifaya. Maganaɗisun da ke jikin jitar lantarki ƙarfe da nikel yake ji, tagullar da aka naɗe wayar katako da ita ba ya jin ta sai ɗan ƙarfen da ke tsakiya.

Duk lokacin da kuka canza kauri, ko da daga 9 zuwa 10 ne, ku duba wuyan bayan kwana biyu, ku danna waya ta shida a na farko da na ƙarshe cikin ƙarafunan da ke gicciye a wuyan ku leƙa tsakiya, ɗan fili kaɗan ake so kamar kaurin kati. In sandar cikin wuya za ku juya, rubu'in zagaye ya isa sannan ku jira, in ta yi tauri kar ku tilasta, ku kai wa mai gyara. A garin nan ma dole ku riƙa dubawa ko ba ku canza komai ba, domin hunturun Jos yana busar da katako ya tsuke har ka ji bakin ƙarafunan wuya suna kartar hannu, damina ta zo kuma ya kumbura wayoyi su yi tsatsa. Kar ku jingina jita jikin taga ko ku bar ta a but ɗin mota, jaka ta fi mata. Masu gumin hannu, ƙyalle busasshe bayan kowane wasa, ku zura shi har ƙarƙashin wayar don a nan dattin ke taruwa. In da hali ku sayi mai rufin roba irin Elixir, tana da tsada amma tana daɗewa sosai, ko da yake wasu ba sa son santsinta a yatsa.

Jabu kuma ta cika kasuwa, na taɓa sayen fakiti mai kyan gani a rabin kuɗi ina murna na yi wayo, ina buɗewa na ga ɗigon tsatsa a siririyar, ina cikin ɗaure ta ta tsinke ta tsallake idona da kaɗan. Ku buɗe a gaban mai shago in zai yarda, ku duba ledar ciki a rufe take ruf ko kuwa, D'Addario ma suna buga wata lamba a ledar da za ka iya dubawa a shafinsu na intanet. In kuɗin ya yi araha fiye da kima ku ajiye masa kayansa.

Masu bes, jitar nan mai kaurin murya, ban manta da ku ba, 45-105 ce gama-gari a mai waya huɗu, mai biyar irin ta coci a ƙara 130, in kuna mari da babban yatsa sabuwar waya mai kaushi kuke buƙata, in kuwa tsohon sauti mai taushi kuke so ku sa mai santsi ku manta da ita, James Jamerson, mai bes na kamfanin waƙa na Motown, shekaru yake yi bai canza nasa ba. Dabarar tafasa tsohuwar wayar bes a ruwa tana dawo da ƙarar na ɗan lokaci, na yi kuma ta yi aiki, amma ku shanya ta ta bushe sarai kafin ku mayar, kuma kar ku yi a tukunyar miyar gida.