Ƙoƙi-ƙoƙina ta yi ƙwai

Garwa, Laraba, farkon hunturu

Bayan sallar asuba na ɗaga gidan sauron da nake rufe bokitinta da shi don in yayyafa mata ruwa, sai na tarar da ita maƙale a reshen darbejiya, kai ƙasa, ƙarshen cikinta yana juyawa a hankali yana fitar da farin kumfa kamar na sabulu. Ban taɓa ta ba, ban kuma yayyafa ruwan ba. Na jawo kujera na zauna.

Aikin ya ɗauke ta har hantsi. A cikin kumfar nan take jera ƙwan layi-layi, tana yi tana rufewa, iska na bugun abin yana sandarewa, farin yana komawa ruwan ƙasa. Irin tawa, manyan korayen nan da masana ke kira Sphodromantis, ƙunshi ɗaya kan ɗauki ƙwai 100 zuwa 300, alhali girmansa bai wuce babban yatsa ba. Inna ta leƙo ta ce, "Ke, kunun naki ya huce, ƙwaro kike gadi?" Na ce, "Inna, zo ki gani, haihuwa take yi." Ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗan kalla, ta ce ikon Allah, ta koma madafa.

Mace takan yi ƙunshi ko da ba ta haɗu da namiji ba, sai dai wannan galibi ba ya ƙyanƙyashewa. Tawa kuwa da fukafukanta na same ta a kan zogalen bayan gida a ƙarshen damina, wato ta riga ta girma a waje, kuma haɗuwa ɗaya takan ishe su su yi ƙunshi bayan ƙunshi. Don haka na sa rai sosai.

Da ta gama, cikin nan da ya yi tsini ya lafe sarai, ta tsaya shiru. Na fesa ruwa a jikin ganye, ta sunkuya ta sha ɗigon. Na aiki ƙanena ya kamo mata fara, na ja masa kunne kada ya kusanci gonakin auduga, don feshin da ake yi musu yana zama a jikin ƙwari, ita kuma ba ta da ƙarfin ɗaukar guba yau. Na kuma ce ƙanana nake so, babe yakan yi harbi da ƙafa ya ji mata ciwo. Ya dawo da su cikin leda yana haki yana cewa, "Yaya, ni zan saka mata." Na bar shi. Ba ta kula abin da ba ya motsi. Sai da farar ta taka reshe sannan ta juyo da kai, ta bi ta da ido, ta cafke. Ta cinye, ta bi ƙayoyin hannuwanta da baki tana tsabtacewa ɗaya bayan ɗaya. A lokacin ne hankalina ya kwanta.

Yanzu ƙwan ne damuwata. Hunturun Garwa ba ya barin danshi a jikin komai, ko wanki ka shanya kafin ka juya ya bushe, ƙunshin kuma yana son ɗan laima. Ruwa ya yi yawa kuwa ya yi funfuna. Shawarar da na yanke ita ce in riƙa fesa gefen mazubin kaɗan, ba kan ƙunshin ba, in bar iska tana shiga. Sai kiyashi, waɗanda su ne manyan abokan gaba: na sa ƙafafun teburin cikin gwangwanayen tumatir da ruwa. Tsaka ma tana yawo a bangon ɗakin, shi ya sa na ƙara ɗaure bakin gidan sauron da roba.

Da magariba muka ɗan yi ka-ce-na-ce da yayata a kan maganin sauro mai hayaƙi. Tana da gaskiyarta, sauron bakin Binuwai ba abin wasa ba ne, zazzaɓi kuma ba ya jin roƙo. Amma hayaƙin da ke kashe sauro ba ya tambayar sunan ƙwaro. Muka daidaita: ita ta kunna a ɗaki, ni na mayar da teburin zaure.

Ba zan motsa reshen ba sai ƙunshin ya yi tauri sosai nan da 'yan kwanaki. Sannan in yanke shi in rataye a wani mazubi dabam, yadda uwar ta ɗora shi, sama a sama, da fili a ƙasa, don 'ya'yan suna fitowa ne suna reto a jikin siririn zare kafin su yi saɓar farko su watse. In Allah ya yarda, mako 4 zuwa 6 ke nan kafin su ƙyanƙyashe. Idan suka kwana biyu wuri ɗaya da yunwa, junansu za su ci, ni kuma ba ni da ƙananan ƙudajen da za su ishi ɗaruruwa. Zan riƙe kaɗan, sauran in sake su a kan zogale da yakuwar Inna, inda ƙwari suke da yawa kuma ba a feshi.

Uwar ce nake tausayi. Duk rayuwarsu ba ta cika wuce shekara ba, ƙwai kuma yana cin ƙarfinsu. Zan ƙara mata abinci, in rage ɗaukarta a hannu, in sa mata reshe mai kaushi kusa da ƙasa saboda kada ta faɗo. Gobe in na taso daga makaranta zan biya babbar kasuwa in nemo roba mai zurfi da ɓawon ayaba na tara ƙudaje.