Shekarar da Muka Sayar da Faifan Adele a Arewacin Landan

A 2011 ina karatu a Landan, ina kuma aikin wucin gadi a wani ƙaramin shagon fayafayan waƙa a arewacin birnin, kusa da Tottenham, unguwar da aka haifi Adele. Aikina buɗe kwalaye ne, da manna farashi, da jera kaya a kanta, da rubuta abin da ya ƙare domin maigidana ya yi oda. A nan na ga yadda kundin waƙoƙinta na biyu, mai suna 21, ya fito ya cika kasuwa.

Ranar Litinin 24 ga Janairu kamfanin XL Recordings ya sake shi. A lokacin ranar Litinin ake fitar da sabbin fayafayai a Birtaniya, ranar Lahadi kuma BBC ta sanar da wanda ya fi kasuwa. Kwalayen sun iso mana tun ƙarshen mako, da sharaɗin ba a sayarwa sai ranar ta zo. Maigidana bai yi oda mai yawa ba, kuma yana da hujja. Janairu wata ne na matacciyar kasuwa, kowa ya kashe kuɗinsa a Kirsimeti. Ga shi masu wannan sana'a suna ɗari-ɗari da kundi na biyu, domin mawaƙa da dama sun yi tashe da na farko, na biyu ya kwantar da su. Na farkon Adele, wato 19 na 2008, ya zo na ɗaya a Birtaniya, ya kuma kawo mata kyautar Grammy biyu, amma hakan bai isa ya sa mutum ya cika sito da kaya ba.

A makon farko an sayar da kwafi kusan 208,000 a faɗin ƙasar. Namu ya ƙare kafin Asabar.

Ƙa'idar da aka koya mini ita ce faifai a makon farko yake cin kasuwarsa. Masoyan mawaƙi su yi rububi, mako na biyu ciniki ya faɗi, daga nan sai ka riƙa rage oda har ka mayar da faifan kantar baya. Wannan kundin bai bi ƙa'idar ba, kuma daren Talata 15 ga Fabrairu ne ya nuna mana haka. A bikin kyaututtukan Brit a zauren O2, Adele ta tsaya ita kaɗai da mai kaɗa fiyano ta rera Someone Like You, babu 'yan rawa, babu ganguna, har muryarta ta karye a ƙarshe. Washegari mutanen da suka shigo shagonmu ba kwastomominmu ba ne. Mata masu shekara hamsin da sittin, direbobin bas, ma'aikatan jinya da suka taso daga aikin dare. Yawancinsu ba su san sunan kundin ba. Sai dai ka ji an ce, "Yarinyar nan ta talabijin jiya, kuna da faifanta?"

Ni da na tashi a Kano ina jin Shata da kalangu, ban sha mamaki ba. Na san murya da kiɗa ɗaya sun isa su tsayar da mutum cak idan mai waƙar da gaske yake.

Tun daga ranar na fara kallon wanda yake saye kafin na kalli adadin da aka saya. Idan matasa masu bin tashe ne, ka san ruwan zai ɗauke nan kusa. Idan kuwa mutanen da rabonsu da sayen faifai an yi shekaru ne suka fara shigowa, to ka ƙara oda, domin irinsu ba sa saukewa daga intanet, kuma ba sa sayen ɗaya su tsaya. Mace za ta saya wa kanta, mako ya zagayo ta dawo ta saya wa ƙanwarta, sannan ta sake dawowa ta sayi wanda za ta bari a mota. Maigidana ya ce in ɗauko 19 daga kantar baya in jera shi kafaɗa da kafaɗa da sabon, kuma duk wanda ya ɗauki ɗaya in nuna masa ɗayan. A wannan watan na Fabrairu kundayen biyu suka shiga biyar na sama a jerin waɗanda suka fi kasuwa a Birtaniya a lokaci guda, waƙoƙinta biyu ma haka, abin da wani mawaƙi mai rai bai yi ba tun ƙungiyar mawaƙa ta The Beatles a 1964.

Manyan kantunan cefane suna sayar da faifan da arha fiye da yadda za mu iya. Abin da muke da shi, su ba su da shi, shi ne lasifika da lokaci. Mukan saka kundin tun daga waƙar farko mu bar shi ya tafi har ƙarshe, kuma na lura cewa wanda ya ji waƙa uku a jere da wuya ya fita hannu rabbana. An yi aikinsa ne da masu haɗa sauti irin su Paul Epworth a Landan da Rick Rubin a Malibu ta Amurka, kuma duk da bambancin hannu, muryarta ce a gaba ko'ina. A ganina wannan ne sirrin: ba sai kana jin Turanci sosai ba za ka gane mace ce da aka ɓata wa rai take magana.

Makon Ranar Iyaye Mata, wadda ta faɗo 3 ga Afrilu, cinikin ya zarce na makon farko. Kundin ya yi mako 11 a jere yana na ɗaya, jimilla kuma mako 23 a Birtaniya, 24 a Amurka. A Fabrairun 2012 Adele ta karɓi Grammy shida a dare ɗaya, watanni kaɗan bayan an yi mata tiyata a maƙogwaro.

Abu mafi nauyi a wannan shekara ya faru ne a Agusta. Tarzoma ta tashi a Tottenham bayan 'yan sanda sun harbe wani matashi, ta bazu zuwa wasu unguwanni, kuma daren 8 ga wata aka ƙona babban siton Sony da ke Enfield. A can kamfanin rarraba kaya na PIAS yake ajiye fayafayan ƙananan kamfanoni masu zaman kansu, har da XL. Kayan da muke jira suka zama toka. Faifan Adele bai daɗe ba ya dawo, domin abin da ke da kasuwa ba a rasa mai sake buga shi. Ƙananan mawaƙa da suka buga kwafi 'yan kaɗan da kuɗin aljihunsu su ne suka ji jiki, wasu fayafayan ba mu sake ganinsu ba har na bar shagon. Maigidana ya ce Adele ba ta buƙatar gaban shago, ko ina aka ajiye ta za a nemo ta. Muka kwashe ɗan abin da ya rage mana na ƙananan kamfanonin muka jera a bakin ƙofa, 21 kuma ya koma gefen akwatin kuɗi, inda ya ci gaba da fita kowace rana har Kirsimeti.