Darasin da na ɗauka daga Yusef Lateef

Koyar da yara busa shi ne aikina, kuma babu wanda rayuwarsa ta gyara min hannu a wannan aiki kamar Yusef Lateef. An haife shi a Chattanooga ta Amurka a 1920, ya tashi a Detroit. A 1949 yana busa saksofon a ƙungiyar Dizzy Gillespie, daga baya ya yi aiki da Cannonball Adderley, dukansu manyan mabusan kiɗan jaz. Ko da ya tsaya nan, sunansa ya riga ya kafu a kiɗan jaz.

Amma bai tsaya ba. Ya ɗauki sarewar Turawa, ya ɗauki obo, mai bakin busa irin na algaita, ya haɗa da kayan busa na Gabas. Duk wanda ya taɓa canza abin busa ya san wahalar: leɓɓan da suka saba da wani baki sai su ƙi sabon, numfashi ya rikice, gwani ya koma ɗan koyo. Lateef ya yarda da wannan komawa sau da yawa. Yana dab da shekara 50 ya karɓi digirinsa na farko, a 1975 ya kammala digirin digirgir a fannin ilimi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne zuwansa Zariya. Daga 1981 zuwa 1985 ya zauna a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, yana bincike kan sarewar Fulani. Mutumin da duniya ta san shi, ya kai shekara 60, ya zo neman sanin abin da makiyayi ke busawa a bayan shanu, abin da yaranmu ke rainawa.

Shi ya sa yanzu da sarewa nake fara wa ɗalibaina. Yaro zai ɗora ta a gefen leɓe, ya hura, iska kawai ke fita. Sai ya ɗan karkata ta, ya rage ƙarfi, ya matse baki, har sauti ya fito siriri. Wanda ya samo wannan sautin da kansa, na lura ba ya shan wuya sosai idan ya koma kan saksofon, domin ya riga ya koyi sauraron numfashinsa.

Lateef ya koma Amurka ya ci gaba da koyarwa a Massachusetts, ya kuma samu kyautar Grammy, babbar lambar yabon kiɗa ta Amurka. Ya rasu a 2013 yana da shekara 93.