Tamostat ɗin da na yi shekaru ina cirewa

Ina da shekara goma sha huɗu mahaifina ya riƙo hannuna ya kai ni wani gareji a bayan Ƙofar Ƙaura, ya damƙa ni ga maigidan da zai koya mini kanikanci. Shekarar farko ba ni da aiki sai wankin kayan inji da fetur a cikin rabin jarka, da miƙo sifana. Amma akwai aiki ɗaya da ake sakar wa yaro da wuri saboda ba shi da wuya. Duk motar da ta shigo daga Kwatano, tun mai ita bai gama murna ba za a kawo mana ita, mu kwance bututun lagireto, mu zaro tamostat, wato ɗan ƙarfen da ke daidaita zafin inji, mu wurga shi cikin wani tsohon bokiti. Daga nan mai wayarin ya zo ya haɗa fanka kai tsaye, da an murza makulli ta kama juyawa, ba ta tsayawa sai an kashe mota.

Na taɓa tambayar maigida dalili. Ya ce, "Wannan na ƙasar sanyi ne, yaro. Mu nan zafi gare mu." Na karɓa hannu bibbiyu, don mutum ne da idan ya kara kunne a jikin inji zai gaya maka fistin na nawa ne ke kuka, kuma a buɗe a tarar haka ne. Allah ya jiƙansa, duk abin da nake ci a yau daga hannunsa ya fito. Na koma makaranta daga baya, na samu takardar shaida, har na zama mai koyar da gyaran mota a wata makarantar koyon sana'a a nan Katsina. A aji ina zana tamostat a allo ina bayaninsa yadda littafi ya ce. Da yamma kuma, a garejina, in cire shi da hannuna. Ban taɓa jin abubuwan biyu suna karo da juna a raina ba.

Wani shirin horar da malaman sana'a ne ya kai mu Jamus, mu 'yan kaɗan, na mako uku. Ranar wata Asabar da ba mu da darasi aka ce za a kai mu gidan tarihin motoci na Mercedes-Benz a birnin Stuttgart, wanda aka buɗe a 2006. Na shirya ne da niyyar ɗaukar hoto kusa da manyan Marsandi in turo wa yarana.

Tsarin gidan shi ya fara kama ni. Ba daga ƙasa ake soma kallo ba. Na'urar hawa ce ke ɗaukar ka har ƙololuwar ginin, ƙofa na buɗewa sai ka yi ido huɗu da doki, a tsaye. Daga kan dokin nan kake gangarowa a hankali, kana kewaya ginin, shekaru na tafiya tare da kai, motoci sama da 160 suna jere har ka iso zamaninmu. Bakatsine ba ya buƙatar a yi masa bayanin doki. Abin da ban taɓa zama na yi tunani a kai ba shi ne cewa akwai ranar da babu mota ko ɗaya a duniya, wani ya zauna ya fara.

A ɗakin farko akwai motar da Carl Benz ya yi wa rajista ranar 29 ga Janairu, 1886. Wadda ke nan kwafi ce, ta asalin tana wani gidan tarihi a Munich. Ƙafa uku gare ta masu siririn waya kamar na keke, ba sitiyari sai wani ɗan mariƙi, injin kuma a fili yake a baya, silinda ɗaya tak, ƙarfinsa bai cika na doki ɗaya ba, gudunta kilomita 16 a awa. Na durƙusa ina leƙen ta yadda nake leƙen motar da aka kawo mini gyara, idona na neman lagireto. Babu. Ruwa ake zubawa ya kewaye silinda, in ya yi zafi ya tafasa ya tashi a tururi, a sake zuba wani. Iyakar dabarar sanyaya injin ke nan.

Labarin matarsa, Bertha, shi ne na fi daɗewa a kansa. A watan Agusta na 1888 ta tashi da asuba ita da 'ya'yanta biyu maza, ba tare da mijin ya sani ba, suka tura ɗaya daga cikin motocin da ya ƙera bayan ta farkon, suka kama hanya daga Mannheim zuwa Pforzheim wurin mahaifiyarta. Kimanin kilomita 106 ne, ya ɗara daga Katsina zuwa Daura, kuma ba su isa ba sai da duhu ya shiga. Babu gidan mai a duniya a lokacin. A garin Wiesloch ta shiga kantin magani ta sayi wani ruwa da ake goge tabon tufafi da shi, ta zuba a matsayin mai. Bututun mai ya toshe, ta zare allurar da ke riƙe da hularta ta zokale shi. Wayar wuta ta goge, ta naɗe ta da madaurin safarta. Ruwa kuwa duk inda suka ga rijiya ko rafi sai sun tsaya sun ƙara. In sun zo hawa sai a sauka a tura. Katakon birki ya cinye, ta sami baduku ya buga masa fata.

Ina sauraron wannan a na'urar da aka rataya mini a kunne, ina ganin direbobinmu na hanyar Jibiya da suke ɗaure abu da tsumma da waya su iso gida. Dabara iri ɗaya ce. Inda muka rabu da su shi ne abin da ya biyo baya. Da ta dawo ta zayyana wa mijin duk abin da ya same su, shi kuma ya koma ya ƙara wa motar giya ta hawan tudu, ya gyara birki. Wahalar hanya ta zama sabon ƙarfe a jikin mota.

Da na gangara kaɗan sai ga wata Mercedes ta 1902, a gabanta an girka lagireto mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, ƙirar injiniya Wilhelm Maybach. Shekara goma sha shida ke nan tsakaninta da mai ƙafa uku, kuma ga amsar wahalar ɗiban ruwan da Bertha ta sha: ruwa ya daina tashi a banza, yana zagayawa iska na sanyaya shi yana komawa. Daga wannan wurin na daina ɗaukar hoto. Na koma duk abin da na gani a jikin mota sai in tambayi kaina, wace wahala ce ta haifi wannan? Kuma a nan bokitin maigida ya faɗo mini a rai, cike da tamostat har baki.

Abin da nake faɗa a allo ba tare da na yarda da shi ba, ga shi. Inji yana da zafin da yake so, wajen digiri 80 zuwa 90. Tamostat ƙofa ce mai ɗan kakin zuma na musamman a cikinta. Inji na sanyi tana rufe, ruwa ba ya zuwa lagireto, sai inji ya yi saurin ɗaukar zafi. Zafi na kaiwa inda ake so sai kakin ya narke ya kumbura ya tura ƙofar ta buɗe. In ka cire ta ka kuma bar fanka na ta juyawa, inji zai daɗe bai kai zafinsa ba, balle da safiyar hunturu da ko mu mutane sai mun ƙudundune. Kwamfutar mota kuwa tana karanta zafin ruwa, in ta ga sanyi sai ta yi ta ƙara fetur. Fetur ɗin da bai ƙone ba ya wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka na ƙasa, fulogi ya yi baƙi, ringi ya yi ta cin jiki. Mota kuma da take zafi tun farko, galibi laifin na wani wuri ne: lagireto ya toshe da gasarin ruwan rijiyar da muke ɗura masa, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya gaji, ko shi tamostat ɗin ya mutu yana son sabo. Mu sai mu cire ƙofar mu bar cutar.

Akwai wani bawan Allah mai Golf da ke jigilar fasinja tsakanin Katsina da Daura, da kuɗin gonar gado ya saye ta. Ni na cire masa tamostat da hannuna ranar da ya kawo ta. Ya riƙa zuwa yana cewa, "Oga, motar nan tana shan mai kamar me." In wanke masa fulogi, in ce man gidajen mai ne ba kyau. Ba a rufa shekara biyu ba ta fara hayaƙi, muka sauke inji, ya ci bashi ya sayi ringi da gasket, ya biya ni kuɗin aiki har da godiya. A tsakiyar gidan tarihin nan, cikin Turawa da 'yan yawon buɗe ido, fuskarsa ce ta tsaya mini, na ji kunya ta rufe ni.

Wani sashe ya ƙara tsinka mini wata tsohuwar magana. Mu kanikawa da masu gyaran jiki muna yawan cewa motar da ita ce ƙarfe, ta yanzu gwangwani ce, ɗan karo kaɗan ta lotse. Ashe da gangan ne. Wani injiniya mai suna Béla Barényi ne ya kawo dabarar a yi gaba da bayan mota su iya lanƙwashewa su shanye ƙarfin karo, ɗakin da mutane ke zaune kuma a yi shi da tauri. Ya samu rajistar dabarar a 1952, aka fara sayar da mota mai irin wannan jiki a 1959. A shekarar ce kuma kamfanin Volvo ya fito da bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu, wanda Nils Bohlin ya ƙirƙira. Birkin ABS, mai hana taya kullewa ta ja da ƙasa, ya shiga manyan Marsandi a 1978, jakar iska ta sitiyari a 1981. Kowanne cikinsu sai da aka yi asarar rayuka kafin a samo shi. Mu kuma fitilar ABS ta kama a dashbod, sai mu zare ƙwan don mai saye kada ya gani. Mu walda ƙaton ƙarfe a gaban mota mu ce mun ƙara mata ƙwari. Ni ma na yi na ƙwan, fiye da sau ɗaya.

Wani abu ya dame ni a hanyar dawowa, har yanzu bai sake ni ba. Mu ma muna da tarihin mota. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, kuma duk wanda ya girma a arewa ya san abin da Fijo 504 ta yi mana, daga kai amarya har kai mara lafiya, da 404 mai buɗaɗɗen baya da ke cin kasuwannin ƙauye. An haɗa Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, manyan motocin Fiat a Kano. Ina suke? 'Yan gwangwan sun sare su da gatari sun auna a kilo. Motar da na san an adana da gaske ita ce baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a ciki ranar 13 ga Fabrairu, 1976, tana gidan tarihi na Onikan a Legas. Muna alfahari da hasumiyar Gobarau da rijiyar Kusugu, kuma sun cancanta, amma yaron da ke koyon kanikanci a yau ba shi da inda zai je ya ga kafireto, mai gauraya fetur da iska, a jikin mota ya gane abin da ya sa aka bar shi aka koma allurar mai. Dalilin da ya sa ke nan da na ji za a sare wata tsohuwar 504 a unguwarmu, na biya kuɗin ƙarfenta na jawo ta makaranta. Ba ta tashi, amma komai nata yana nan.

Da na dawo, mai Golf na fara nema. Na same shi a tasha yana jiran layi, na ja shi gefe na gaya masa abin da na yi da abin da ya jawo. Ya yi shiru, can ya ce, "Oga, ai ba da gangan ka yi ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Na sa masa sabon tamostat, na mayar da fanka kan na'urarta, na wanke lagireto, ban karɓi ko sisi ba. Wannan bai biya masa bashin da ya ci ba, na sani.

Ba kowa ke yarda ba. Wani Alhaji ya kawo sabuwar motarsa ya ce in cire, na ce, "Ranka ya daɗe, in ta yi zafi ka dawo da ita, ni zan ɗauki nauyi." Ya ce shekara talatin yana hawan mota, ya ja abarsa ya kai wani garejin. Wasu abokan sana'a kuma suka ce na je Turai na dawo da iyayi. Na fahimce su, don maganar da suka riƙe daga bakin iyayen gidansu suka ji ta, kamar yadda na ji tawa.

Yanzu duk sababbin ɗalibai, makon farko ba na taɓa allo. Ina kai su gaban 504 ɗin nan, kowa ya nuna abu ɗaya a jikinta ya faɗi wahalar da yake ganin ta haife shi. Daga nan in hura gawayi, in ɗora tukunya da ruwa, in ɗaura tamostat a zare in zura a ciki, su kewaye suna kallo. A zangon da ya wuce akwai wani yaro ɗan Batagarawa da ya riga ya yi shekara biyu a gareji kafin ya zo, ya tsaya a baya ya harɗe hannu. Ruwa ya fara ƙananan kumfa, bai kai ga tafasa ba, sai ƙofar ta soma buɗewa a hankali da kanta. Ya matso har tururi na dukan fuskarsa. Na ɗaga zaren na tsoma cikin ruwan sanyi, ta koma ta rufe. Ya ce, "Malam, a sake sa shi in gani." Na miƙa masa zaren.