Mako na goma sha ɗaya a wurin renon itatuwa

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu koyon renon itatuwa. Yau mako goma sha ɗaya ke nan da muka zuba iri a filin da kawuna ya ara mana a bayan gidansa, kuma tun da damina ta ƙarato, ya kamata in sanar da ku abin da ya tsira, da abin da ya lalace, da dalilin da ya sa muka sauya tsarin aikin bana.

Mun fara da leda 300 ta ruwan sha, waɗanda muka tsinto a kasuwa, muka wanke, muka huda gindinsu don ruwa ya riƙa tsiyayewa, sannan muka cika su da haɗin ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki. Zogale bai wahalar da mu ba, cikin kwana goma kusan duka ya fito. Darbejiya kuwa asara muka yi, kuma laifina ne, saboda irin da na ajiye tun bara na kawo, alhali ƙwayarta ba ta jure ajiya, sai dai a shuka sabbin 'ya'yan da suka nuna.

Gawo ne ya fi ɗaukar lokacinmu, shi ne kuma ya fi koya mana abu. Da farko mun shuka shi yadda yake, muka yi mako uku muna ban ruwa safe da yamma, amma abin da ya fito bai kai goma ba. Wani dattijo makiyayi da ke wucewa da dabbobinsa ne ya tuna mana cewa a daji gawo yakan tsiro ne daga kashin awaki da shanun da suka ci 'ya'yansa, domin cikin dabba yana tausasa ɓawon ƙwayar. Sai muka raba sauran irin kashi biyu. Kashi na farko muka tafasa ruwa, muka sauke daga wuta, muka jiƙa shi ya kwana. Na biyu muka ɗan cizge gefen kowace ƙwaya da abin yankan farce, ba tare da mun taɓa cikinta ba. Wanda aka cizge ya fito cikin mako guda, kuma ya fi yawa, ko da yake aikin yana cin lokaci. Sai dai ledar ruwa ta yi wa gawo gajarta, domin saiwarsa ƙasa take nufa kai tsaye, kuma a mako na takwas ta riga ta huda leda ta kama ƙasa. Wanda zai rene shi ya nemi doguwar leda, ya riƙa ɗaga ta duk bayan mako biyu yana datse saiwar da ta leƙo.

Na nace a kan gawo ne saboda halinsa ya bambanta da na sauran itatuwa: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyensa ya zama taki, 'ya'yansa su ciyar da dabbobi lokacin da ciyawa ta ƙare. Mun karanta cewa tushen sauyin yanayi shi ne hayaƙin man fetur da kwal da iskar gas da ake ƙonawa a duniya, kuma ba na yaudarar kaina cewa ledojinmu za su tsayar da shi. Abin da ke hannunmu shi ne rage wa gonakinmu raɗaɗin zafi da zaizayar ƙasa da iskar da ke binne shuka da rairayi.

Abin da ya sauya mini tunani shi ne labarin manoman Maraɗi da Damagaram. Tun daga shekarun 1980, lokacin da fari ya addabi yankin, suka koma ga abin da ake kira sassabin zamani, wanda Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya da ya yi aiki a Maraɗi, ya taimaka wajen yaɗawa. Maimakon a sare duk tohon da ke fitowa daga kututture lokacin sharar gona, sai a zaɓi rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi a bari, a cire sauran. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar. Makon jiya mun gwada a gonar mahaifin ɗaya daga cikinmu, bayan ya ba mu izini. Mun sami kututture 23 na kalgo da sabara da gawo, muka yi yankan da wuƙa mai kaifi daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya ɗaye. Wasu rassan sun kai ƙuguna, sun ninka duk abin da muka rena a leda, kuma ba wanda ya taɓa zuba musu ko kofin ruwa, domin tsohuwar saiwa tana can ƙasa tana aikinta.

Ba za mu bar ledoji ba, domin harabar makaranta da bakin titi ba su da kututture. Yanzu muna da tsiro 171 masu lafiya, kuma mun fara rage musu inuwa da ruwa don su saba da rana. Za mu dasa su a watan Yuli idan ruwa ya zauna, da yamma, a zuba toka a ramin saboda gara, a kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki, a kuma rubuta sunan wanda zai kula da shi a littafi. Ƙidayar da za mu kawo muku ita ce ta watan Afrilu mai zuwa, bayan sun ga hunturu da zafin bazara, kuma a ranar za mu auna tsawon rassan gonar mu kwatanta, in Allah Ya kai mu.